Waƙar barkwanci a gasar Eurovision: abin da masu bibiya suka ba da shawara

Duk lokacin da masu bibiyar Eurovision, gasar waƙa ta shekara-shekara tsakanin ƙasashen da yawancinsu na Turai ne, suka tattauna kan ko ya dace ƙasa ta tura waƙar raha, misalai biyu ne ke fara fitowa. A 2007 Birtaniya ta tura ƙungiyar Scooch, sanye da kayan ma'aikatan jirgin sama. Waƙarsu ta kai ta biyar a jadawalin cinikin waƙoƙi na gida, amma a Helsinki, inda aka yi gasar, maki 19 kacal ta samu. A 2008 kuma Ayalan ta tura Dustin, 'yar tsana mai siffar talo-talo da yaran ƙasar suka taso suna kallo a talabijin. Ko zagayen ƙarshe bai kai ba.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a tuna wa zai yi zaɓe. Doka ta hana ƙasa zaɓar waƙarta, don haka waɗanda suka gane barkwancin, suka sayi waƙar a gida, ba su da damar kaɗa mata ƙuri'a. Mai kallo na wata ƙasa kuwa minti uku na waƙar aka ba shi, bai ji ta a rediyo tsawon makonni ba, bai san wa ake zolaya ba. Tun 2009 ma alƙalai ƙwararru suka dawo cikin hukuncin, su kuma murya da tsarin kiɗa suke aunawa.

Wasu sun kawo Verka Serduchka, mawaƙin barkwanci na Yukren wanda ya zo na biyu a 2007, don nuna cewa waƙar raha na iya yin nasara. A ganina misalin ya ƙara wa hujjar ƙarfi ne, domin rahar tasa a ido take, kiɗan kuma ko ba a ji kalma ɗaya ba yana sa rawa. Shi ya sa aka ce kafin a zaɓi waƙa, a fara kunna wa wanda ba ya jin harshen.