Jirginmu ya tsaya a daji kusan awa huɗu: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Sadiq

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata na ɗauki mahaifiyata a jirgin ƙasa zuwa asibitin da ake mata wankin ƙoda. Tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci, kuma jirgi na zaɓa saboda ba ta jure jijjigar mota. Ƙarfe biyu na rana aka ba mu, muka shiga na safe don mu isa da sauran lokaci.

Mun ci rabin hanya sai jirgin ya fara ja da ƙyar, daga nan ya tsaya cak. Ba tasha, ba gida, ba ko rumfa. Ta taga ina hango wata jar fitila a kan sanda, can inda layin ya lanƙwasa, ita na ƙura wa ido har idona ya gaji. Minti hamsin ba wanda ya ce mana uffan. Hajiya ba mai ƙorafi ba ce, amma da na durƙusa na cire mata takalmi sai na ga igiyarsa ta nutse a bayan ƙafarta, ta bar sawu kamar an zana da wuƙa. Kumburin ya hau har ƙwauri. Abin da ta ce kawai shi ne, “Kira asibitin ki ba su haƙuri, kada su ɗauka raini ne.” Sabis kuwa sai na ɗaga wayar sama kusa da gilashi yake kamawa.

Can aka yi magana ta lasifika, wai matsalar sigina ce. Shi ke nan. Da muka tashi ma ba tafiya ba ce ta kirki, mu ɗan gusa mu tsaya, mu ɗan gusa mu tsaya. Sai bayan la'asar sakaliya muka isa, an riga an ɗora wani a kan injin wankin ƙodar. Ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Me ake nufi da matsalar sigina da har za ta cinye wa mutum yini?

Auwal

Sannu Yaya, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni jarrabawar ɗaukar aiki na rasa a haka. Wata bakwai ina jiran a kira ni, na isa an rufe ƙofa da minti ashirin.

Baba Lawan

'Yata, Allah ya ƙara mata sauƙi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran sigina kafin in ajiye aiki, kuma wannan jar fitilar da kika ƙura wa ido na sha tsayuwa a gindinta cikin dare da tocila a baki.

Layin dogo a yanke yake gida-gida, kowane gida jirgi ɗaya ake bari ya shiga. A tsarin da na fi yin aiki da shi, ana sakin 'yar ƙaramar wutar lantarki ta bi ƙarfen dogon, daga wannan bakin zuwa wancan. Idan ta isa, na'ura ta san ba kowa, sai fitila ta ba da hannu. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa na ƙarfe za su haɗa dogon hagu da na dama, wutar ta yanke hanya ta cikinsu, ba ta isa ba, sai fitila ta koma ja. Wani Ba'amurke William Robinson ne ya fito da dabarar a 1872, kuma har yau ana aiki da ita. Kyanta shi ne duk abin da ya hana wutar isa, ja za a gani. Waya ta tsinke, ja. Ƙarfen dogo ya karye, ja. Ruwa ya kwanta a kan layi, ja. Na'urar ba ta iya bambance jirgi da tsinkakkiyar waya, don haka take ɗauka akwai jirgi.

Gusa-tsayan da kika ce kuwa, ga dalilinsa. Direba ba shi da ikon wuce ja da ra'ayin kansa. Sai ya yi magana da mai kula da sigina, a tabbatar, a ba shi izini da baki, ya maimaita abin da aka faɗa masa, sannan ya shiga a hankali yadda zai iya tsayawa in ya ga wani abu a gaba. Fitila ta gaba ma haka. In jirage biyar ne a bayanku, ɗaya bayan ɗaya za a yi musu. In kuma layi ɗaya ne ake kai da komowa a kansa, wanda ke tahowa ta can ma yana wata tasha yana jiran ku wuce.

Gyaran kansa sau da yawa bai kai minti goma sha biyar ba. Nemo inda abin yake shi ne aikin. Na taɓa taka kilomita shida da ƙafa ina buɗe akwati bayan akwati, ashe ɓera ne ya ci waya ɗaya da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba.

Maman Sadiq

Na gode Baba, yanzu na gane, kuma raina ya ɗan yi sanyi game da direban. Amma da a minti goman farko an ce mana abin zai kai awa uku, da na kira asibiti sun musanya mata da wani. Shirun ne ya cuce mu.

Baba Lawan

Gaskiyarki. Su ma ma'aikatan cikin jirgin galibi ba a faɗa musu komai ba. Amma ko “ba mu sani ba tukuna, za mu sake magana nan da minti goma sha biyar” ai magana ce.

Nafisa

Nawa ya faru ne a jirgi mai aiki da lantarki, a ƙasar da nake karatu, tsakiyar lokacin zafi. Muna cikin gudu sai muka ji wata ƙara a saman taragon kamar ana jan sarƙa a kan kwano, fitilu suka ɗauke, na'urar sanyi ta mutu. Wayar da ke rataye a saman layi ce ta saki saboda zafi, hannun da ke kan jirgin mai shafo wuta ya harɗe ta ya tsinko.

Tagogin irin waɗannan jiragen ba sa buɗuwa. Kafin awa guda gilashi ya fara tsatsafa, numfashin mutane ya cika wurin. Wata mata a gabana ta tuɓe wa jaririnta kaya tana masa fifita da tikiti, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe ya koma buɗe baki kawai. Wasu samari suka tashi za su ɓalle ƙofa. Ma'aikaciyar jirgin, 'yar siririya haka, ta tsaya a bakin ƙofar ta buɗe hannuwa tana roƙonsu, ta ce wayar da ke kwance a waje mai ƙarfin bolt 25,000 ce kuma ba a tabbatar an kashe ta ba, ga layin da ke gefe ba a rufe shi ba. Wallahi a lokacin haushinta na ji. Da aka zo fitar da mu bayan awa biyu da rabi, muka sauka ta tsani, na ga wayar a nannaɗe a kan tsakuwa taku uku daga ƙofar da suka so ɓallewa.

Baba Lawan

Zafi ba waya kaɗai yake taɓawa ba. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Dogo mai tsawon kilomita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana neman ƙarin wajen santimita 35. A da ana barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan, ita ce ke ba da ƙarar nan ta kacau-kacau. Yanzu walda ake musu su zama ɗaya, sai kusoshi da nauyin tsakuwa su danne su. Kuma ƙarfen da ke kwance a rana yana iya fin iskar wurin zafi da digiri 20. In tsakuwar ta yi ƙaranci, sai dogon ya bauɗe gefe kamar maciji. Shi ya sa ake rage wa jirage gudu da tsakar rana. A Ingila, ranar 19 ga Yuli 2022 da zafi ya haura digiri 40, rufe babban layin da ya tashi daga Landan zuwa York suka yi.

Kabiru

Baba, ranka ya daɗe, ina girmama bayaninka, amma ka bar ni in faɗi tawa. Zafi ba baƙo ba ne, damina ba baƙuwa ba ce, kowace shekara suna zuwa. Ni kullum jirgi nake shiga zuwa aiki. Akwai wani wuri kusa da wata gada da jirginmu ke rarrafe, har mai keke a gefen hanya yana wuce mu. An ce na ɗan lokaci ne. Allon da aka kafa na rage gudu sabo ne fil sa'ad da na fara ganinsa, yanzu fentinsa ya ɓare, ciyawa ta kai rabinsa. Wata takwas ke nan. Minti goma sha biyu kullum, kuma su ne ke sa in rasa jirgi na biyu da nake canzawa, sai in zauna jiran rabin awa. Sau biyu ana ba ni takardar gargaɗi a wurin aiki. Maigidana ba ruwansa da gada.

Wanda ya kafa allon ya yi daidai. Amma wanda ya bar shi wata takwas fa? Ku duba abin da ya faru a Hatfield ta Ingila ranar 17 ga Oktoba 2000. An san dogon nan yana da tsaga, an tsara canza shi, aka yi ta jan ƙafa har ya farfashe a ƙarƙashin jirgi mai gudu, mutum huɗu suka mutu. Da aka farga ba a san yawan wuraren da ke da irin wannan tsagar ba, sai aka sanya dokar rage gudu a wurare fiye da dubu, jiragen ƙasar gaba ɗaya suka yi watanni a hargitse. Gyaran da aka ƙi yi a kan kari, fasinja ne ya biya shi da lokacinsa.

Baba Lawan

Ba zan musa maka ba, ɗana. Mu da ke ƙasa muna rubuta rahoto, mu sake rubutawa. Akwai akwatin siginar da na nemi a canza sau tara kafin in bar aiki.

Malam Idi

Ni kam tsayuwar da muka yi har gobe ina gode wa Allah a kanta. An kwana ana ruwa, da asuba muka taso. Gari ya fara haske sai direba ya taka birki da ƙarfi, jakunkuna suka zubo daga sama. Mutane suka yi ta faɗa. Bayan wani lokaci aka bar wasu daga cikinmu muka leƙa ta ƙofa. Kamar taku ɗari biyu a gaba, kwalbati ya toshe, ruwa ya tara ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin layin ya tafi da ita. Ƙarafan biyu na nan a miƙe, amma a iska suke, sandunan kankare na reto a jikinsu, jan ruwa na gudu ta ƙasa. Wani ma'aikaci mai sintirin layi ne ya gani, ya rugo da jan ƙyalle. Na gan shi zaune a kan tsakuwa, wandonsa duk laka, hannunsa na rawa ya kasa riƙe gorar ruwa.

Baba zai gyara min, amma na ji an ce tun da ƙarfen bai karye ba, fitila ba za ta nuna komai ba.

Sai dare aka ja mu da baya zuwa tashar da muka baro. Ba wanda ya ƙara ɗaga murya.

Baba Lawan

Haka ne Malam, wuta na wucewa lafiya lau ta dogon da ke rataye. Wannan sai ido. A Carmont ta Sikotilan, ranar 12 ga Agusta 2020, ruwan sama ya kwaso tsakuwa da duwatsu daga magudana ya zube a kan layi, jirgi ya hau ya kauce, mutum uku suka rasu har da direban. Bincike ya gano ba a gina magudanar yadda aka zana ta ba.

Zainab

Mu satar wayar layin dogo ce ta kwanar da mu a tasha, ni da yara uku, a kan benci. Saboda jan ƙarfen da ke cikinta ake yanka. Kuma ba ƙasashe matalauta kaɗai ba, a watan Mayu 2025 an sace wayoyi a layin jirgi mai gudun tsiya tsakanin Madrid da Sebiya a Sifaniya, fasinjoji fiye da 10,000 abin ya shafa.

Maman Sadiq, ki adana tikitinku, ki rubuta lokacin da kuka isa, ki tambaya ko akwai tsarin diyya. A Tarayyar Turai doka ce: jinkirin minti 60 zuwa 119 a mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, daga minti 120 zuwa sama a mayar da rabi. Akwai uzurin da dokar ta amince da shi, kamar mummunan yanayi da satar waya, amma lalacewar kayan masu kula da layi ba ta cikin uzurin. Ko inda babu irin wannan dokar, takardar ƙorafi na shiga lissafi.

Auwal

Anti, rabin tikiti ba zai dawo min da aikin ba. Amma zan rubuta, ko don a ƙirga.

Maman Sadiq

Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Hajiya ta samu shiga washegari da safe, wata ma'aikaciyar jinya ce ta nema mata gurbi, Allah ya saka mata. Mun kwana a kujerun jira. Kumburin ya sauka, sai dai har yanzu a gajiye take.

Mako mai zuwa tun ana gobe za mu tafi, na samu ɗaki kusa da asibitin. Baba Lawan, in jirgi ya sake tsayuwa irin haka kuma ina da marar lafiya, wa zan nema a cikin jirgin, me zan ce masa?

Baba Lawan

Kada ki jira lasifika. Ki nemi shugaban ma'aikatan jirgin da kanki tun a minti goman farko, ki faɗa masa sunan ciwon da lokacin da aka ba ku, ki ce ya sanar da ofishin kula da zirga-zirga cewa akwai marar lafiya a jirgin. Su ne ke yanke wane jirgi za a fara fitarwa, kuma suna iya sa motar asibiti ta jira ku a tasha ta gaba ko a mahaɗar titi mafi kusa. Ki riƙe katin asibitinta a jakar hannu, ki tafi da wayarki cike da caji. Ki gaishe min da Hajiya.