Shin rigar Turawa a hotunan zamanin Sarki Meiji (1868–1912) shaidar 'yancin matan Japan ce?

Usman: Jama'a, ina nan kan bakana: shaidar 'yanci ce. Ku ɗauki hotunan bugun katako na mai zanen Japan Utamaro, wanda ya rasu a 1806: yawanci matan gidajen nishaɗi ne na Yoshiwara, unguwar karuwai ta Edo (Tokyo ta yau). Sannan ku dubi wanda mai zane Chikanobu ya yi a 1887: matan fada sanye da dogayen rigunan Turawa masu tudu a baya, ga keken ɗinki a gabansu. Mace ta tashi daga abin kallo ta koma mai sana'a. In ba 'yanci ba, mene ne wannan?

Malam Sani: Ka rage wa Utamaro haƙƙinsa. Ya zana uwa tana shayarwa, ya zana mata masu nutso a teku.

Hajiya Rabi: Usman, ɗana, rigar nan daga sama aka sauko da ita. Sarauniya Shoken, matar Sarki Meiji, ta fara sa ta a 1886, a Janairun 1887 ta fitar da takarda tana kiran mata su bi sahu. Gwamnati na neman Turawa su sassauta yarjejeniyoyin da suka danne Japan, shi ya sa aka buɗe zauren Rokumeikan a 1883 domin liyafa da rawa da jakadu. A 1890 kuma doka ta hana mata halartar taron siyasa. Abin yana min ciwo, wallahi: an canja musu tufa, an rufe musu baki.

Usman: Hajiya, ban musa dokar 1890 ba. Amma hoton nan araha gare shi, yana shiga gidan talaka. Yarinyar da ta gan shi ta san akwai wata rayuwa. Tsuda Umeko fa? An kai ta Amurka a 1871 tana 'yar shekara 6, ta buɗe makarantar mata a 1900.

Maryam: Yaya Usman, to me ya sa Chikanobun nan, tsakanin 1894 da 1896, ya koma zana matan tsohuwar fadar Chiyoda cikin kimono, rigar gargajiyar Japan, suna kallon furanni? Kasuwa ce ta juya, ya bi ta. Galibi maza ne ke zanawa, maza ke sassaƙa katakon, maza ke bugawa.

Hajiya Rabi: Kuma Yoshiwara ba a rufe ta ba sai 1958. Usman, nuna min hoto ɗaya na 1887 da mace ta zana kanta, sai mu ci gaba.