Taƙaitawa: Ɗaura Injin Glow a Kife a Ƙaramin Jirgin Rimot

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan uwa masu tuƙa jirgin rimot kan ɗaura injin glow (ƙaramin injin da zafin wayar fulogi ke kunna mansa) kansa na kallon ƙasa.

1. Kowa ya yarda injin yana aiki lafiya a kife. Matsalar ita ce fulogi ya koma ƙasa, duk man da ya yi yawa a kansa yake taruwa ya kashe wutar, musamman a silo, wato lokacin da injin ke juyawa a hankali.

2. Tanki ne tushen rigimar. In aka kife inji kafireta takan sauka, sai mai ya riƙa zurarowa da kansa. Ya kamata tsakiyar tanki ta yi daidai da allurar kafireta, ko ta ɗan gaza ta. In ba wurin saukar da shi, a sa regileta mai daidaita zuwan mai, ko a matse tiyo har lokacin tayarwa.

3. Kafin a haɗa batir ɗin hura fulogi, a juya farfela da hannu. In ta cije, mai ya cika silinda: a cire fulogi a zubar. Sa sitata a haka yana lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe fistin. Da yawa suna kife jirgin ma, injin ya koma a miƙe, su tayar.

4. A ɗan rage mai a allurar silo, kaɗan-kaɗan. Ga inji mai bugu huɗu, fulogin O.S. Type F aka fi ambata.

Inda aka rabu: batir mai bolt 1.2 da ke hura fulogi cikin jirgi in an rage wuta. Wasu sun ce yana hana mutuwar inji wajen sauka, wasu sun ce ƙarin nauyi ne mai rufe kuskuren saiti. A ganina a fara gyara tanki tukuna.