Muhawara: Lauyanci ne ya ɗaga Obama a majalisar jihar Illinois?

Malamin makaranta: Jama'a, ni dai ina kan bakana cewa ilimin shari'a ne ya sa Barack Obama ya yi fice a majalisar dattawan jihar Illinois, inda ya zauna daga 1997 zuwa 2004. Mutumin da ya gama karatun lauya a Harvard a 1991, ya kuma yi shekaru yana koyar da tsarin mulki a Jami'ar Chicago, ba zai shiga zauren majalisa yana lalube ba.

Hajiya: Malam, ka tsallake yadda ya shiga. A zaɓen fid da gwani na 1996, Alice Palmer, wadda ke riƙe da kujerar kuma ta taɓa mara masa baya, ta dawo tana neman ta bayan ta faɗi takarar majalisar wakilai ta tarayya. Mutanensa suka zauna suka bi takardun sa hannun magoya bayanta suna ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka inganta suka kasa kai adadin da doka ta gindaya, kuma haka aka yi wa sauran 'yan takarar. Ya tsaya ba abokin hamayya. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin an hana talakawan Kudancin Chicago zaɓi.

Barista: Ranki ya daɗe, bin ƙa'ida ba zalunci ba ne, kuma ita ma ta san sharuɗɗan. Ku dubi dokar 2003 da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. A lokacin an gano cewa an yanke wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba hukuncin kisa, har Gwamna George Ryan ya sassauta wa duk masu jiran kisa a farkon shekarar. 'Yan sanda sun fara turjewa, amma Obama ya zauna da su ya nuna musu cewa bidiyon zai kare iƙirarin gaskiya idan an je gaban alƙali. Sai wanda ya san yadda hujja ke rushewa a kotu zai iya wannan lallashi.

Dattijo: 'Ya'yana, kun manta da Emil Jones. Shekara shida Obama ya yi jam'iyyarsa ta Democrat ba ta da rinjaye, da lauyancin nasa da komai, har ya sha kaye a hannun Bobby Rush a zaɓen fid da gwani na majalisar wakilai ta tarayya a 2000. Sai da Jones ya zama shugaban majalisar a 2003 ya riƙa miƙa masa manyan ƙudurori.

Barista: Baba, na yarda Jones ne ya buɗe ƙofar, amma ba shi ya zauna da 'yan sandan ba.

Hajiya: Barista, har yanzu ba ka gamsar da ni a kan batun Alice Palmer ba.