Gurjiya ce nake gani a titunan Guangzhou?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata shida ina tsaron shagon kawuna a Kantin Kwari. Bana gwiwa ta matsa masa, ya ce ni zan je Chana in dubo mana kaya. Biza ta fito, tsakiyar Maris zan tashi ta Addis Ababa in Allah ya yarda. Farashi da sunayen masu kago duk ya rubuta mini a takarda, amma da na tambaye shi yaya garin yake, cewa ya yi "kasuwa ce", ya ci gaba da danna kalkuletarsa.

Jiya wani ya turo mini hoton wani titi daga can. Doguwar bishiya ce babu ganye ko ɗaya, sai jajayen furanni manya-manya kamar an jera mata kofuna. Wallahi na san bishiyar nan. Akwai irinta a bayan gidan kakata a ƙauye, gurjiya muke ce mata, ta kan busar da ƙoƙon furen ta yi mana miya mai yauƙi. Ita ce kuwa, ko idona ne? Sannan sanyi zan tarar ko zafi, wane irin kaya zan zuba a jaka? In mutum ya gama da kasuwa, akwai abin kallo a titi, ko otal zai koma ya kwanta?

Baban Sito ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka bai yi ƙarya ba, sai dai irinmu ne, mun yi shekaru muna zuwa garin kanmu a sunkuye cikin kwali. Ni na fara zuwa a 2006, sai a zuwa na huɗu na ɗaga kai na ga akwai bishiya a garin. Ita ma ba don Allah na gan ta ba. Ina tsaye bakin titi kusa da Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu na Afirka ke sauka, ina jiran yaron da zai kawo mini rasit, sai na ji tim a kafaɗa, na zabura na ɗauka jifa ne. Ashe fure ne. Furen nan yana da nauyi, ya cika tafin hannu, kuma ba ya zubewa ɗaiɗai, gaba ɗayansa yake faɗowa da ƙararsa. Kafin in gama kakkaɓe riga wata tsohuwa ta zo da leda ta tsince shi, ta dube ni tana dariya.

Za ka iso daidai lokacinsa. A watan Maris duk inda ka bi za ka ga an shanya furannin, a kan jarida, a bakin dakali, a kan murfin mota, wasu sun zura su a zare sun rataya a taga kamar yadda matanmu ke yi wa kuɓewa. In sun bushe sai su shiga shayi ko romo, wai suna fitar da danshi daga jiki. Shayin ka sha abinka. Romon kuwa ka bar musu, da ƙashin alade suke dafa shi.

Maganar danshin nan ita ce nake so ka riƙe, don ita ce ta ci mini kuɗi. Mu a Kano Maris wata ne na bushewa, leɓe na tsagewa, ka wanke riga kafin ka idar da sallah ta bushe. Can kuwa akwai wasu kwanaki tsakanin Fabrairu da Afrilu da iska mai ɗumi ke tasowa daga teku ta kudu, ta tarar da bangon gidaje bai gama hucewa daga sanyin hunturu ba, sai bango ya kama gumi. Ba misali nake maka ba. Ruwa za ka ga yana gangarowa a jikin tayil, madubi ya rufe, matakala ta yi santsi, takarda ta yi laushi kamar an jiƙa ta. Suna ce masa huinantian, wato dawowar iskar kudu. Shekarar da na kama ɗaki tare da wani abokina, muna da samfurin takalman fata kwali shida da shadda 'yan yaduka. Na ga ɗaki ya yi laima, sai na yi abin da kowane Bakano zai yi, na wangale tagogi don iska ta shiga, muka tafi wani gari, Yiwu, kwana biyar. Da muka dawo takalman nan sun yi gemu, fumfuna fari da kore har cikin dunduniya. Matar da ke shara a benen ta leƙo, ta kama kai, ta rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa da yarensu. Ashe a kwanakin nan rufewa ake yi ruf, musamman tagar kudu, a kunna esi ya tsotse ruwan. Don haka in ka sayi kaya kada ka bar su a ƙasa, ka sa a ɗora su kan katako, ka kuma ce a zuba maka 'yan ƙullin nan masu shan danshi a kowane kwali.

Kayan sawa: riguna marasa nauyi da yawa, don wanki ba ya bushewa, rigar sanyi guda ɗaya saboda safiya, da takalmin da ba ya zamewa. Lema ka saya a can, ta fi arha. Babbar riga ɗaya ta isa, ta Juma'a.

Abin kallo kuwa, ka fito da sassafe kafin shaguna su buɗe, don kasuwanninsu ba sa tashi da wuri. Daga Xiaobei da ƙafa za ka shiga lambun Yuexiu, kyauta ne. Tsofaffi ne cike da wurin. Wasu na motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska, wasu na buga wani ɗan abu mai gashin tsuntsu da ƙafa suna hana shi taɓa ƙasa, wani tsoho na rubutu a kan daɓe da ƙaton buroshi da ruwa zalla, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Na tsaya kansa ya fi minti ashirin, ya tuna mini allo da wanke shi. A kan tudu akwai gunkin awaki biyar na dutse, alamar garin ce. Labarinsu ya ce wasu halittu biyar ne daga sama suka sauko a kan awaki da zangarniyar shinkafa suka yi wa garin addu'ar kada ya ga yunwa.

Ranar Juma'a ka bi jama'a zuwa masallacin Xianxian, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda ake cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake. Cikin itatuwa ake sallah, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Mali da Musulmin Chana masu farar hula.

Ɗalibin Gona ya amsa:

Baba Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Ni karatun aikin gona ya kawo ni garin, shekara ta uku ke nan, bari in ɗan taɓa tambayar bishiyar.

Yayana, idonka bai yaudare ka ba. Ba ita ce sak ba, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Tamu ta gida a littafi Bombax costatum ce, wadda wasu ke kira kurya, tasu kuma Bombax ceiba. Ta nan ta fi tsawo da miƙewa, furenta ya fi girma. Dukansu dangin rimi ne, shi ya sa wajen Mayu 'ya'yan ke fashewa audugar ta cika titi, masu atishawa su shiga uku. Ita ce furen birnin a hukumance tun 1982, suna kuma yi mata kirari da bishiyar jarumai. Akwai wata a harabar ɗakin tunawa da Sun Yat-sen, jagoran kafa jamhuriyar Chana, da ta haura shekara 300, ka je ka gan ta, tasha ɗaya ce daga lambun Yuexiu a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ba ita kaɗai za ka gane ba. Wadda ta fi yawa a tituna 'yar'uwar cediya ce, mai saiwoyi na zubowa daga rassa kamar gemu, in sun taɓa ƙasa su zama sabon gindi. A tsofaffin unguwanni saiwar ta kan rungume katanga ta ɗaga daɓen titi, a ƙarƙashinta kuma tsofaffi na buga darar su, 'yan kallo sun fi 'yan wasa surutu, kamar dai gindin cediyar ƙofar fada. Mutanen garin ba sa wasa da ita. A 2021 hukuma ta sassare da yawa da sunan gyaran gari, jama'a suka yi ca, a ƙarshen shekarar aka hukunta jami'ai goma. Akwai kuma mai ganye kamar na kalgo, rabe biyu kamar kofato, da fure ruwan hoda, su ma "kofaton tunkiya" suke ce mata. Furen nan mai kamar takarda da ake dasawa a katangun gidajen Nassarawa kuwa, shi suka jera a gefen gadojin sama, ka ga gada ta kankare ta yi jajir tun daga farko har ƙarshe.

Mangwaro ma layi-layi ne a wasu tituna, yana nuna wajen Yuni. Kada hannu ya yi ƙaiƙayi. Na hukuma ne, ana masa feshi, ga hayaƙin mota da yake sha dare da rana.

Dalilin wannan kore duka ruwa ne. Garin na dab da layin da zafin duniya ke fara sassautawa, ga teku kusa, ruwan da ke sauka a shekara ya ninka na Kano, yawancinsa daga Afrilu zuwa Satumba. Sanyinsa ba ya kashe shuka. Da ƙanƙara ta ɗan yayyafa a Janairun 2016, mutane fitowa suka yi suna ɗaukar hoto, don yawancinsu ba su taɓa ganin ta a garin ba.

Baba, a yi mini afuwa kan abu ɗaya. Maganar kabarin Sa'adu ruwaya ce ta Musulmin Chana. Abin da malaman tarihinmu suka rubuta shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Masallacin dai tsoho ne ƙwarai, haka ma na Huaisheng mai doguwar hasumiya kamar kyandir.

Hajiya Mai Jaka ta amsa:

Ƙanena, su Alhaji sun cika ka da itatuwa, ni bari in gaya maka abin da zai buge ka. Babur mai caji. An hana babur mai mai a tsakiyar garin tun 2007, to waɗannan ba su da ƙara ko kaɗan, kuma har kan hanyar masu ƙafa suke hawa. Masu kai abinci ne, da rigunansu rawaya ko shuɗi, ido na kan waya. Sai dai ka ji iska ta wuce ta gefen kunnenka. Ni sau biyu ana fizgar mini gefen mayafi. Ka duba hagu, ka duba dama, ka duba bayanka.

Kuɗin hannu ma sun kusa zama tarihi. Mai sayar da gasasshen dankali a bakin gada da ɗan katinta mai zane-zane a rataye, waya ake haskawa. Ka sa a haɗa maka manhajar biyan kuɗi ta waya, WeChat ko Alipay, tun kafin ka tashi, in ba haka ba za ka miƙa ɗari a tsaya ana neman canji kamar ka kawo kuɗin wata ƙasa. Fasfo kuma kullum a jikinka, ana tambaya.

Abinci, ka nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, masu farar hula da mata masu ɗankwali. A gabanka yaro zai ja ƙullun da hannu ya zama taliya. In ka ga ɗan shago da manyan butoci jere, shayin gargajiya ne baƙi ƙirin, na maganin zafin ciki. Na sha sau ɗaya, maɗaci albarka.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai lungunan bayan Xiaobei ne. Ka bar babban titi mai gilasai, taku ashirin sai ga ka a lungun da benaye suka matsu har maƙwabta za su iya musabaha ta taga, haka ma suke kiran gidajen. Rana ba ta sauka ƙasa. Wayoyin wuta a cukurkuɗe, ruwan esi na ɗiga a ka, shanya a sama, mai kura na turo dila yana ihu a ba shi hanya. Amma ko a nan sai ka ga an ajiye tsohon bokitin fenti a bakin ƙofa an shuka albasa ko barkono ko ɗan lemo a ciki. Wata tsohuwa da nake wucewa ta ƙofarta har gwanda ta tayar a cikin kwandon roba, ta yi 'ya'ya uku. Da magariba kuma matan unguwa su fito fili da lasifika su jera suna rawa, sa'o'in iyayenmu, ba mai kallonsu sai mu baƙi.

Ka gama sayayyarka kafin 15 ga Afrilu. Ranar ake buɗe babban baje kolin garin da ake kira Canton, kuɗin otal sai ya tashi.

Baban Sito ya sake amsawa:

Ɗalibi, na karɓi gyara, haka na ji ana faɗa na ɗauka. Hajiya kuma kin manta ruwan sama. In ka ga gari ya haɗe ɗana, kada ka tsaya gindin cediyar nan, saiwarta ba ta nitsa sosai a cikin kankare. Ina garin lokacin guguwar Mangkhut a Satumbar 2018, da safe manya-manya ne kwance a titi da gindinsu a sama. Ka nemi tsofaffin tituna irin su Shangxiajiu, inda benaye suka turo gaba suka yi wa masu tafiya rumfa, za ka yi tafiya mai nisa ɗigo bai taɓa ka ba.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, da malam ɗalibi. Na karanta wa kawu labarin takalman, ya yi shiru, can ya ce shi ma an taɓa yi masa haka da leshi dila biyu, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na cire babbar riga biyu daga jaka. Na kira kakata na ce mata akwai gurjiya a Chana, ta ce in tsinto mata ƙoƙon furen ta gani ko yana yauƙi. Malam ɗalibi, busasshe zai wuce a filin jirgi, ko za su ƙwace?