Batirin inbata da ke mutuwa kafin shekara: me kuke tararwa in kun duba?

Mai Gyaran Wuta, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na Gana, na 2012 zuwa 2016 gidaje da shaguna a zangunan Kumasi suka koma inbata, kuma har yau kukan ɗaya ne: batirin da ya kamata ya yi shekara uku ya mutu a wata goma. Masu wannan aiki, kowa ya kawo abin da yake tararwa. Ni dai lodi nake fara dubawa. Batir biyu masu 200Ah, bolt 12 kowanne, in an jera su suka ba da bolt 24, wat 4,800 na awa ɗaya ke ciki. Amma batirin ruwa rabinsa ne naka, wato 2,400, inbata kuma ta ci nata kaso, a bar ka da kamar 2,000. Fanka biyu wat 140, ƙwan fitila biyar wat 50, talabijin wat 60, jimilla 250. Awa takwas ke nan. Duk abin da aka ƙara a kai, daga ran batirin ake cira.

Hajiya Mai Ƙanƙara, Asawase:
Wa alaikumus salam Malam. A ƙara da firji. Lambar wat da ke bayansa ta lokacin da yake tafiya ce, amma in kwamfiresa za ta tashi takan ja ninki uku zuwa biyar. Firiza mai sanyaya ruwan leda, wadda ake buɗewa kowane minti, kwamfiresarta ba ta hutawa. A daskarar da kaya lokacin da akwai wuta, in an ɗauke a rufe murfin a bar shi, sanyin zai kai awanni. Tsofaffin firji na gwanjo sun fi cin wuta nesa ba kusa ba, shi ya sa aka hana shigo da su Gana tun 2013. Mai saye ya duba taurarin da ke takardar da aka manna a jikin firjin, yawansu shi ne ƙarancin cin wuta.

Usta na Magazin:
Alhajin Allah, yawancin waɗanda nake gani ba lodi ya kashe su ba, yunwar caji ce. Batir mai 200Ah ana ba shi kamar amfiya 20. In ya sauka rabi, awa biyar zai yi yana sha, sannan ya nemi wasu biyu ko uku a hankali kafin ya cika da gaske. To an kawo wuta awa huɗu an ɗauke, washegari haka. Bai taɓa cika ba, sai wani farin gishiri ya daskare a farantan ciki, daga nan ko an yi masa cajin kwana biyu ba ya komawa yadda yake. Alamarsa: yana nuna ya cika da wuri, yana kuma faɗuwa da wuri.

Gwajin ba wuya. A cire lodi da caji, a bar shi ya huta awa biyu ko uku, a ɗora mita. A kowane batir, bolt 12.7 ya cika, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 an wuce gona da iri. Inbata da yawa suna zuwa a saite sai batir ya kai 10.5 suke kashe kansu, wannan kuwa tatsa ce har ƙashi. In taka tana karɓar saiti, ɗaga ta zuwa wajen 11.8 a kowane batir. Kuma don Allah a daina sayen batirin tirela don gida. An yi shi ne ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba ya jure saukar kowane dare.

Baba Sola, Sabon Zango:
Usta ya faɗi gaskiya, kuma maganin yunwar nan farantin sola ne. Sai dai ranar Kumasi ba ta Tamale ba ce. A yi lissafi da awa huɗu na rana mai ƙarfi, a Yuli da Agusta ma hadari kan rage ta. Don mayar da wat 2,400 na awa ɗaya da batir ya sauke, a nemi faranti na wat 800 ko fiye. A karkata shi kamar digiri 10 ya kalli kudu don ruwan sama ya riƙa wanke shi. In ƙurar hunturu ta sauko, a goge da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.

Mai Gyaran Wuta, Aboabo:
Baba, a haɗa da ɗakin da aka ajiye batirin. Kowane ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batirin ruwa biyu, ga shi mu ɗakunanmu rufin kwano ne. A sa shi inda iska ke ratsawa, ba ɗakin kwana ba, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta. Kowane wata a duba ruwansa, a cika da tataccen ruwan batir (distil) kaɗai, ba asid ba. Ruwan famfo ko na leda yana da gishirin da ke ɓata farantai.

Ƙanwarku daga Tafo:
Yaya, in ɗaya ya mutu cikin biyun, a canja shi kaɗai?

Usta na Magazin:
A'a ƙanwata. Tsohon zai riga cika ya riga faɗuwa, ya ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni. A canja biyun tare, iri ɗaya, girma ɗaya. Kafin nan a taɓa wayar da ke tsakanin batir da inbata bayan awa ɗaya da lodi. Wat 1,000 a bolt 24 ya haura amfiya 40, yana son waya mai kaurin 16mm², gajeriya, da fis kusa da kan batir. In kika ji ta da ɗumi, ko kan ya yi kore, a kankare a ɗaure tamau a sake gwadawa, wataƙila batirin ma lafiyarsa ƙalau.