Wa za mu fara taimaka wa? Abin da aka tattauna bayan sujada

Ranar Lahadi bayan sujada muka zauna a majami'armu da ke Jos, dattawa da matasa da Zumuntar Mata, kan inda za a kai baikon taimako na bana.

Shawarar da ta fi ɗaukar lokaci daga bakin mata ta fito: kada kwamiti ya zauna a ofis ya yanke wa mabukata abin da suke so. A je a gani da ido. Wata mama ta tuna mana gwauruwar da aka kai wa buhun masara bara, alhali damuwarta gonar da dangin miji suka ƙwace. Masarar ta ƙare cikin wata biyu, gonar kuwa har yau tana hannunsu. Da dattawa sun raka ta wurin mai unguwa, ko an haɗa ta da lauya, da ya fi mata. Maganar ta taɓa ni ƙwarai, domin ina cikin waɗanda suka sauke buhun a ƙofarta.

Matasa sun kawo batun fursunonin da 'yar tara ta hana su fita, da kuɗin jarrabawar WAEC na marayu. Fasto ya ce a ɗauki aiki ɗaya ko biyu a riƙe shekara uku, kada a yayyafa kuɗi ko'ina.

An amince ba za a tambayi mabukaci addininsa ba, maƙwabtanmu Musulmi na ciki. Kuɗin ɗan siyasa a kakar zaɓe ba za a karɓa ba. Ma'aji zai riƙa karanta lissafi gaban ikilisiya duk wata uku.